Gasa Ko Karawa? Amsa Ga Mai Tambaya Kan Wasan Golf Na Wentworth

Wani ɗalibi mai koyon aikin jarida ya aiko mini da wannan tambaya: "Malam, an ba ni fassarar tarihin wata gasar golf da aka yi shekaru ana bugawa a Ingila, World Match Play Championship. Wasan na mutum biyu-biyu ne. Shin gasa zan ce ko karawa? Wane karin magana ne ya dace da abin da Gary Player ya yi a 1965? Kuma an dakatar da ita zan rubuta, ko an daina ta?"

Madalla da wannan tambaya, ɗana. Kafin a zaɓi kalma sai an san abin da za a raɗa wa suna. Yawancin wasannin golf lissafi ne na jimilla: kowa ya zagaya fili yana buga ƙwallo da sanda tana faɗawa ramuka ɗaya bayan ɗaya, a ƙirga yawan bugun da ya yi, mai mafi ƙaranci shi ne zakara. Wannan da kake fassarawa ba haka take ba. Mutum biyu ake haɗawa, kowane rami cin kansa yake yi. Ko da bugu goma ka ɓarar a rami guda, rami ɗaya tak ka rasa, sai ka karkaɗe riga ka nufi na gaba. In kun yi bugu daidai, an yi kunnen doki a wannan ramin.

To, taron gaba ɗayansa, tun daga ranar farko har ɗaga kofi, shi ne gasa. Abin da ke gudana tsakanin mutum biyun nan kuwa karawa ce. Kalmar 'yar'uwar karo ce, irin na raguna in sun ja da baya sun haɗa goshi, kuma daga nan muka sami karon batta, wato haɗuwar ƙarfi da ƙarfi. Ina roƙonka ka kula da rubutu: karawa da k mara lanƙwasa ake rubuta ta. In ka sa ƙ ta koma ƙarawa, ka shiga maganar ƙari ke nan. Wannan kuskure yana damuna ƙwarai, don kullum ina cin karo da shi.

Ita gasar, Mark McCormack ne ya ƙirƙiro ta a 1964, a filin Wentworth da ke yankin Surrey, kamfanin taba mai sigarin Piccadilly ya ɗauki nauyi. Mutum takwas kacal aka gayyata, kowace karawa rami 36 a yini guda, rabi da safe rabi bayan abincin rana. Arnold Palmer na Amurka ya doke Neil Coles ya ɗauki kofin farko. Daga baya Gary Player na Afirka ta Kudu ya ci sau biyar, Seve Ballesteros na Sifaniya shi ma biyar, sai Ernie Els ya zo ya shafe su da bakwai. Tiger Woods kansa ya kai wasan ƙarshe a 1998, abokinsa Mark O'Meara ya kayar da shi da rami ɗaya.

Yanzu ga batun 1965. A wasan kusa da na ƙarshe, Tony Lema ya ba Player ratar rami bakwai, saura 17 a gama. Duk wanda ya san wasan zai ce magana ta ƙare. Player bai saki sanda ba. Ya dinga cinye ramukan ɗaya bayan ɗaya, ya kamo Lema a rami na 36, ya kayar da shi a na 37, sannan ya je ya doke Peter Thomson ya ɗauki kofi.

Karin maganar da nake ba ka shi ne: ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Mutane da yawa suna ɗaukarsa a matsayin "a jira ƙarshe" kawai, alhali ya fi haka zurfi. Ka tuna yara sun kewaye akushi da daddare. Muddin akwai miyar kuka a sama, hannun kowa sauri yake yi. Da ta ƙare, aka bar gayan tuwo fari fat, sai ka ga ana janye hannu ana lashe yatsu, wani ya ce ya ƙoshi. Wanda ya ci gaba da yankar loma a lokacin, shi ne maci tuwo. Miyar Player ta ƙare tun a rami na 19, ya ci gayansa haka nan. Kada ka sa kare jini biri jini a wannan wuri. Wancan na faɗan da kowa ya ji jiki ne ba a rabe da gwani ba, nan kuwa an sami wanda ya yi nasara.

Tambayarka ta ƙarshe tana da sauƙi, tarihin ma ya raba maka gardama. Dakatarwa daga dakata take, wato a tsaya da niyyar ci gaba. Bayan wasan 2007, wanda shi ne na ƙarshe a Wentworth, ba a buga ba a 2008, ta dawo a Sifaniya a 2009, aka sake tsallake 2010. Waɗannan shekaru biyu, 2008 da 2010, ka rubuta an dakatar. A 2013 an kai ta Bulgeriya, a 2014 ta komo Ingila, yankin Kent, inda Mikko Ilonen ɗan Finlan ya doke Henrik Stenson ɗan Suwidin. Tun daga nan ba a sake haɗa kowa ba, shekara 50 cif bayan kofin Palmer. A wannan wurin sai ka rubuta an daina ta.