Wane duro zan saya don tara ruwan sama a lambu?

Ɗan'uwa, kan tambayarka, nemi duron roba mai lita 200, baƙi ko shuɗi. Fari yana barin rana ta shiga, gansakuka ta cika shi. Don Allah tambayi abin da aka taɓa zubawa a ciki. In man inji ne ko maganin feshi, bar musu kayansu, wanki ba ya fitar da shi.

Murfi dole ne, da raga a bakin indararo, don sauro kan ƙyanƙyashe har ya girma a ruwa cikin mako guda zuwa kwana 10. Ɗora duron kan bulo, ka sa famfo a ƙasa.

Rufin kwano mai murabba'in mita 20 na cika duron da ruwan sama milimita 10 kacal, saboda haka tanadi na biyu kafin Agusta.