Tambayoyinku: ɗaliban Shakespeare sun cika min inbox

Satin nan kusan rabin saƙonnin da suka shigo na ɗaliban adabin Turanci ne, da alama jarabawa ta ƙarato. Bismillah.

Tambaya: Malam na sauke wani app na Romeo and Juliet ta link ɗin da aka turo a group ɗin ajinmu, tun ranar talla take ta fitowa ko waya nake amsawa, caji kuma baya kai azahar. Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Haba ƙanwata, ke ma dai! Shakespeare fa ya mutu tun 1616, abokan aikinsa suka tattara wasanninsa 36 suka buga a 1623, yau sama da shekara 400 kenan, babu wani mai haƙƙin mallaka a kan rubutun nan, kyauta yake zube a Project Gutenberg da shafin ɗakin karatu na Folger da ke Washington a Amurka, kuma fayil ɗin bai kai nauyin hoton biki guda ɗaya ba. To me ya kai ki ga apk ɗin group, wato fayil ɗin saka app ɗin da aka turo? Abin da ke ci min rai kenan wallahi, sai app ya ce a ba shi izinin shiga lambobin waya da SMS da kamara, mutum ya yi ta danna allow kamar yana jan carbi. Labarin gida biyu masu gaba a Verona, Montague da Capulet, ina ruwansa da lambar yayarki? Kuma kin san ta SMS ɗin nan banki ke turo miki code. Shi Romeo wasiƙa ce ba ta same shi ba har ya sha guba, ke kuma taki wasiƙar wani ƙato ne can yake karanta miki ita.

Ki tada wayar a safe mode, wato yanayin da app ɗin da kika sauke ba sa aiki, ki goge app ɗin. In maɓallin gogewar ya ƙi dannuwa to ya naɗa kansa device admin ne, wato mai iko da wayar, ki shiga wajen tsaro a settings ki tuɓe shi tukuna. Sai ki sa Play Protect, mai binciken miyagun app da ke cikin Play Store, ya bincika, ki canza password na email da na banki yau ba gobe ba. Littafin kuma EPUB (nau'in fayil ɗin littafi) za ki ɗauko ki buɗe a app ɗin karatu na ReadEra, ni shi nake amfani da shi, rubutu na daidaita da allon waya ba sai kina ta jan PDF hagu da dama kamar mai tankaɗe ba. Wanda ya turo link ɗin a gaishe min da shi.

Tambaya: King Lear ɗina na waya lambobin layinsa ba sa haɗuwa da na littafin malaminmu, ko fayil ɗin ne ya lalace?

Amsa: Lafiyarsa ƙalau. Wasan bugu biyu gare shi, na 1608 da na 1623, na farkon yana da layi wajen 300 da babu a na biyun, editoci kuma kowa da yadda yake haɗawa. Nemi irin bugun malaminka, shi ke ba da maki.

Tambaya: Na sa wa manhajar fassara inda Juliet ke cewa wherefore art thou Romeo, ta ba ni "ina kake Romeo", na rubuta haka malam ya soke.

Amsa: Ya kyauta. Wherefore nufinta "don me", yarinyar kuka take don me zai zama ɗan gidan maƙiyansu, ba cigiyarsa take ba. Tsohon Turanci ne, ka nemi bugu mai sharhin kalmomi.

Tambaya: In na kalli fim ɗin ya wadatar? Data ta yi tsada.

Amsa: Sauke shi da dare a 360p, wato ƙaramin inganci mara cin data. Amma in na Leonardo DiCaprio na 1996 ka kalla, kar ka je ka rubuta wa mai makin cewa da bindiga aka kashe Tybalt ɗan'uwan Juliet, don a littafin da takobi ne.