Tambaya da Amsa: "Tunda maigidana ya yi kuɗi ya ce in ajiye aiki"

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki taimaka min kaina ya kulle. Ni malamar firamare ce shekarata 9 ina koyarwa, da aikin nan mijina ya aure ni, kuma lokacin da babu albashina ne ke cike giɓin cefane. To yanzu Allah ya buɗa masa a harkar hatsi har ya je Makka ya dawo, sai kawai ya ce in ajiye aiki, wai matar Alhaji bata yawo a rana da jakar littattafai, abokansa zasu ce ya kasa riƙe ni. Har ya ɗauko min wata mata mai aiki da ke zuwa kullum da sassafe daga bayan gari da goyonta. Abin da ya ɗaure min kai, Innata a ƙauye har yau tana noma gayaunarta tana kai daddawa kasuwa kuma ba wanda ya taɓa ce mata ta saɓa. Shin wannan addini ne ko al'ada, kuma mu Hausawa kaɗai ne haka?

Wata 'yar'uwa daga Funtuwa

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Rabin amsarki yana shigowa gidanki kullum da safe da goyo a baya. Matar nan ita ma fa mace ce, tana baro ɗakinta gari bai gama wayewa ba ta ratsa unguwanni ta zo ta duƙa a gaban bahon wankinki, kuma ba wanda ya ga abin kunya a fitarta, har shi Alhajin da ke biyanta a ƙarshen wata. Kinga kenan ba fitar mace ce ta dame shi ba, fitar matarsa ce, saboda abin da abokai zasu faɗa a majalisa. Shi da bakinsa ma bai ce Allah ya hana ba, cewa ya yi za a ce ya kasa.

Abin nan tsoho ne a ƙasar Hausa. Akwai wata tsohuwa daga ƙasar Zazzau, Baba ta Karo, da ta ba wata Baturiya Mary Smith labarin rayuwarta aka buga shi littafi a 1954, a ciki zaki ga a zamanin ƙuruciyarta bayi mata da ke zaune a rinji, wato ƙauyen bayi, su ke shiga gandu da fartanya, matan iyayengiji kuwa suna gida. To da Turawa suka zo bauta ta fara mutuwa, mata da yawa da suka samu 'yanci sai suka janye daga gona, domin a idon mutanen lokacin macen da rana ke duka a gona baiwa ce, wadda ke cikin gida ita ce 'ya. Zaman gida ya zama shaidar cewa ke ba baiwar kowa ba ce. A Maraɗi ma kulle ya ƙara ƙarfi ne da tasowar alhazai 'yan kasuwa masu kuɗi, alhali a ƙauyukan da ke kewaye mata na can suna noman gamanarsu, irin gayaunar Innarki sak. Kuma ko cikin kullen, gaskiya matanmu basu taɓa naɗe hannu ba: man gyaɗa, ƙuliƙuli, ɗinkin hula, adashi, fura da ake ɗora wa yarinya a ka ta kai bakin kasuwa. Abin da ke sosa min rai a nan, sau da yawa don uwa ta zauna a ciki ne 'yarta mai shekara 8 ke yawon talla maimakon aji.

Ba mu kaɗai ba ne, ko kusa. A ƙasar Sin an yi ɗaruruwan shekaru ana ɗaure ƙafar yarinya tun tana ƙarama, a tanƙwashe yatsun a naɗe da ƙyalle har ƙafar ta tsaya inci 3 ko 4, abin ya faro daga gidajen manya don ƙafar da bata iya doguwar tafiya tana nuna gidan basu buƙatar gumin 'yarsu, daga baya talakawa suka kwaikwaya don 'ya'yansu su samu auren gidan arziki. Matan ƙabilar Hakka da ke aikin gona basu yi ba. Sai a 1912 gwamnati ta haramta, kuma ko bayan nan an daɗe ana yi a ɓoye. A Indiya ma sanannen abu ne dangi in suka samu wadata suna son hawa sama, abu na farko shi ne su cire matansu daga aikin waje kamar yadda manyan dangogi ke yi, su kuwa matan Dalit, wato waɗanda ake ɗauka su ne mafi ƙasƙanci a cikin dangogin can, suna gona da wurin gini suna ɗaukar bulo a ka.

Ingila ce ma ta fi bani mamaki, su da suke mana kallon masu kulle. Zamanin Sarauniya Biktoriya mutumin kirki a wurinsu shi ne wanda matarsa bata aikin kuɗi, tana falo 'yan aiki na hidima, a daidai lokacin 'ya'yan talakawa mata na tsaye wuni guda a masaƙun auduga, wasu na jan kwal da sarƙa a ƙugu cikin rami har sai da dokar 1842 ta hana mata shiga ƙarƙashin ƙasa. Matar aure a can bata da ikon riƙe kuɗin da ta samu da guminta sai daga 1870, abin da Musulunci ya ba mace tun tuni.

Amma ba ko'ina kuɗi ke tura mace ɗaki ba. Ki leƙa kasuwannin Ibadan ko Kejetiya ta Kumasi, can girman mace a kasuwa yake, Yarbawa har sarauta gare su ta Iyalode, wato shugabar mata. Wurin Buzaye namiji ne ke rufe fuska, tanti kuma na mace ne, in aure ya mutu shi ke fita, sai dai ko a can 'yar manya bata daka, bayi mata ne suka riƙa yi, kuma sai a 2003 Nijar ta sa hukunci a kan bauta a dokarta.

Ta fuskar addini, ci da sha da sutura da muhalli a kansa suke ko kina aiki ko bakya yi, abin da kika samu naki ne, kuma miji na da hakki a kan fitar matarsa, wannan kar kowa ya ruɗe ki. Amma koyarwa aikin mutunci ne a gidan malamai ma, Nana Asma'u 'yar Shehu ce kuma matar Waziri Giɗaɗo, ai baki fi ta zama matar manya ba, duk da haka ta kafa 'yan taru, wato ƙungiyar karatun mata, tana tura malamai mata da ake kira jaji ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Tunda da aikin ya aure ki kuma ya amince shekara da shekaru, ku kai maganar gaban malamin da shi kansa yake jin nauyinsa.

Shawarata kar ki rubuta takardar ajiye aiki cikin fushi ko cikin zumuɗi. Harkar hatsi yau sama gobe ƙasa, shi ya fi ni sani, buhun masara na iya faɗuwa a kaka ɗaya ya tafi da jari, ke kuma shekara 9 kin tara a hanyar fansho, in kika fita komawa ba wasa ba ne. Ki same shi bayan ya ci abincin dare ya natsu, ba gaban yara ba, ki fara da godiya, ki tuna masa lokacin babu ba da gori ba. In rana da jakar littattafai ce matsalarsa, to Allah ya hore masa, ya sa a riƙa kai ki ana ɗauko ki ko a nema miki canji zuwa makarantar kusa da gida. In ya tsaya kai da fata, ki sa yayansa ko Hajiyarsa su sa baki kafin naki iyayen su ji, ki kuma tambayi hedimasta ko za a iya baki hutu ba albashi na ɗan lokaci. Matar nan mai goyo kuma dan Allah a riƙa biyanta a kan kari, a zuba mata abinci ta tafi wa yaranta da shi. Ki sake rubuto min bayan kun yi magana.