Sabon firam ɗin keken tsalle ya fito: in sauya nawa ko in haƙura?

Tambaya:

Assalamu alaikum, malam. Ina da keken tsallen tudun ƙasa, firam ɗinsa na ƙarfe ne, kuma wani ƙaramin maƙerin kekuna ne ya haɗa shi, irin waɗanda ba sa yin da yawa a shekara. Yanzu ya fitar da sabon samfuri. Ya ce ya rage tsawon baya daga milimita 395 zuwa 385, ya ƙara tsawon gaba da milimita 15, ya faɗaɗa wuyan firam, ya sa mazaunin tayar baya mai zamiya, sannan ya koma amfani da ƙarfen da ya fi na da. Nawa lafiyarsa ƙalau, bai tsage ba. Shin gyaran ya kai in saya? Kuma kayan da ke jikin tsohon za su hau sabon?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Idan tsohon bai matse ka ba, kuma ba ya hana ka yin wani abu da kake son yi, riƙe shi. Idan kuwa kana jin ka yi masa tsawo, to sabon yana da abin da zai ba ka, amma sai ka auna kayanka guda uku kafin ka biya ko sisi.

Gyaran da ya fi muhimmanci a duk abin da ka lissafa shi ne tsawon gaba, wato tazarar da ke tsakanin wurin feda da saman wuyan firam (bututun gaba da kan keke ke juyawa a cikinsa) idan aka auna a kwance. Shi wannan keken a tsaye ake tuƙa shi, sirdinsa ba don zama aka yi shi ba, don haka wannan tazarar ce ke nuna ko keken daidai kai yake. Milimita 15 a takarda kamar ba komai ba ne, amma a hannu ana jin sa. Dogon gaba yana sa keke ya natsu a iska, kuma idan ka sauka da tayar gaba fiye da kima ba ya saurin kifar da kai. Abin da za ka rasa shi ne sauƙin ɗaga gaba da sauƙin juya keken a sama. Mai manyan tsalle da gudu zai yi murna da shi. Wanda aikinsa wasan juyi ne a ƙananan tudu, musamman idan gajere ne, zai iya jin keken ya yi masa nauyin kai.

Shi ya sa maƙerin ya rage bayan, wato tazarar da ke tsakanin wurin feda da tsakiyar tayar baya, don ya mayar maka da abin da gaba ya ɗauke. Gajeren baya yana kawo tayar baya ƙarƙashin ƙugunka, sai ɗaga gaba ya zo da sauƙi. Yawancin kekunan tsalle masu taya inci 26 suna tsakanin milimita 380 da 400, don haka duka tsohon da sabon suna cikin iyaka. Sai dai akwai abin da masu talla ba su cika faɗa ba: 385 ɗin nan galibi awon da ake samu ne idan an tura tayar can ƙurya ta gaba. Keken giya ɗaya ne, kuma da ja da tayar baya ake ɗaure sarƙa. Tsakanin ƙusa da ƙusa a sarƙar keke rabin inci ne, milimita 12.7. Idan ka ƙara cikakkiyar gaɓa guda, tayar za ta koma baya da kusan milimita 13. Idan ka ƙara haƙori ɗaya a giyar gaba ko ta baya, za ta matso gaba da kusan milimita 3. Ke nan mai yiwuwa ne ka sayi firam mai 385, ka ɗora giyarka ta yanzu, ka tarar da kanka a 393, kusan inda ka baro. Maganinsa shi ne rabin gaɓar sarƙa ko sauya haƙora, amma tambayi maƙerin wace giya ce ke ba da gajeren awon, kuma ko taya mai faɗin inci 2.3 za ta juya a wurin ba tare da ta goge ƙarfe ba.

Mazaunin taya mai zamiya kuwa ci gaba ne na gaske. A tsohon salo, tsaga ce kawai a kwance, tayar na tafiya gaba da baya amma birkin faifai yana nan a kafe, sai ka sake saita shi duk lokacin da ka ja sarƙa. A mai zamiya, birkin da tayar tare suke tafiya. Amma ya ƙara maka notuna da za ka riƙa dubawa, kuma farantin da ke zamiyar na musamman ne, ba a samunsa sai a wurin wanda ya ƙera. Tun da ƙaramin kamfani ne, ni da zan saya, da na haɗa da farantin ajiya tun ranar farko.

Yanzu kayan da za ka auna. Na farko fok, wato ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba. Faffaɗan wuya an yi shi ne don fok mai sanda da ke buɗewa daga inci 1 da 1/8 a sama zuwa inci 1.5 a ƙasa, wanda shi ne salon fok na tsalle na zamani irin RockShox Pike DJ. Idan naka miƙaƙƙe ne, zai shiga, amma sai ka sayi sabon boris na wuya da zoben da ke cike giɓin. Duba tsayin fok ɗin ma. Ana zana yawancin waɗannan firam ɗin a kan fok mai lotsawar milimita 100, kuma kusurwar wuya tana kaiwa digiri 68 zuwa 70. Duk milimita 20 da ka ƙara ko ka rage a tsayin fok yana sauya kusurwar da kusan digiri 1, yana kuma ɗaga wurin feda ko ya sauke shi. Fok da ya wuce abin da maƙerin ya amince yana ƙara wa wuya nauyin da ba a lissafa ba, kuma yawanci yana kashe garanti.

Na biyu cibiyar tayar baya. Kekunan tsalle da yawa har yanzu suna kan faɗin milimita 135 da sandar milimita 10 mai noti, amma wasu sababbi sun koma 142 da sandar milimita 12 mai ratsawa. Ba sa shiga juna haka kawai. Wasu cibiyoyin ana sauya musu murfin gefe su dace, wasu kuma sai an sake ɗaure tayar gaba ɗaya. Na uku gidan boris na feda: ko mai zare ne, faɗin milimita 68 ko 73, ko kuma irin na BMX da ake dannawa. Sandar sirdi ma ka duba kaurinta, duk da cewa wannan ƙaramin kashe kuɗi ne. Sau da yawa kuɗin waɗannan ƙananan abubuwa ne ke sa firam mai araha ya zama mai tsada.

Batun ƙarfe shi ne inda aka fi yaudarar masu saye. Ƙarfen da aka saba yin keken tsalle da shi shi ne 4130, mai haɗin kuromiyom da molibdenom. Akwai waɗanda suka fi shi ƙarfi, irin Reynolds 853 na Ingila, amma duk ƙarfen keke, mai tsada da mai araha, kusan taurinsu ɗaya ne wajen lanƙwasa. Abin da mai tsadar ke bayarwa shi ne jure nauyi mai yawa kafin ya lotse ko ya karye, sai hakan ya ba maƙeri damar yin bututu mai siririn bango don rage nauyi. Tauri ko laushin da kake ji a keke daga faɗin bututu da kaurin bangonsa yake fitowa. A keken da ake yarwa a ƙasa kullum, siririn bango yana da illa, domin yana saurin lotsewa idan ya bugi dutse ko ƙarfe. Saboda haka kada sunan ƙarfen ya ruɗe ka. Tambayi nauyin firam ɗin. Na ƙarfe yakan kai tsakanin kilo 2 da 3, kuma idan an zaftare nauyi sosai, ka nemi sanin daga ina aka zaftare.

Akwai tambaya guda da ƙaramin maƙeri zai iya amsa maka wadda babban kamfani ba zai saurare ka a kai ba: me ya sa aka yi gyaran? Idan ya ƙara facin ƙarfe a ƙarƙashin wuya ko ya sauya yadda bututun baya ke haɗuwa da gidan feda, wataƙila tsofaffin sun riƙa tsagewa a nan ne. Wannan labari ne da ya shafe ka ko ba ka sayi sabon ba. Wanke naka, ka haska fitila a bakin walda ta ƙarƙashin wuya, bayan gidan feda, da gefen birki. Siririn layi a fenti ko tsatsa da ke bin gefen walda alama ce ta tsagewa. Ka kuma tambaye shi ko an gwada firam ɗin a na'urar gwajin gajiya. Ƙa'idar ISO 4210 ita ce ta kekuna gaba ɗaya, a rabe-raben hukumar ƙa'idoji ta ASTM kuma rukuni na 5 ne ya shafi manyan tsalle. Ba kowane ƙaramin maƙeri ke da halin kai firam ɗakin gwaji ba, kuma rashin hakan ba ya nufin aikinsa ba shi da kyau, amma amsar da zai ba ka za ta nuna maka irin mutumin da kake hulɗa da shi. Garantin ma a rubuce, tare da bayanin ko yana rage kuɗin sabon firam idan ka karya naka a faɗuwa.

Kafin ka yanke shawara, akwai gwaji mai araha. Sa wa tsohon keken naka mariƙin kai (ƙarfen da ke haɗa kan keke da fok) da ya fi na yanzu tsawo da milimita 10 ko 15, ka kuma matso da tayar baya gaba iya yadda tsagar ta bari. Ba daidai yake da sabon firam ba, domin dogon mariƙi yana sauya yadda kan ke juyawa, amma zai nuna maka ko jikinka yana neman ƙarin fili. Idan ka ji daɗi, kuma fok da tayar bayanka za su hau, saya. Idan ba ka ji bambanci ba, sa kuɗin a fok mai kyau ko tayoyi masu ƙwari.