Yaya Ake Tace Maniyyi Kafin a Yi IVF?

Tambaya: Likita, mun daɗe da aure ba mu samu haihuwa ba, kuma gwaji ya nuna ƙwayoyin maniyyin maigidana ba su da kuzari. An ce za a tace maniyyinsa kafin a yi mana IVF, wato haɗa ƙwan mace da maniyyi a ɗakin gwaji sannan a dasa a mahaifa. Yaya ake yin hakan? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, ana neman ƙwayoyin da suka fi lafiya ne daga cikin maniyyin mijinki, wanda zai bayar bayan ya ƙaurace wa saduwa na kwana 2 zuwa 7. Wani lokaci ana zuba ruwa na musamman a kan maniyyin cikin ƙaramar kwalba, sai masu kuzari su yi iyo zuwa sama a kwashe su. Wani lokaci kuma ana juya shi da sauri a na'ura, lafiyayyu su taru a ƙasa, matattu da datti su tsaya a sama. Idan ƙwayoyin sun yi ƙaranci sosai, masani yakan duba ta madubin ƙara girma, ya ɗauki guda ɗaya mai kyakkyawar siffa da siririyar allura, ya saka ta kai tsaye cikin ƙwan mace. Wannan hanya, wato ICSI, an fara samun haihuwa da ita a Beljiyam a 1992. Sai dai kyan siffa ba ya tabbatar da lafiyar ƙwayar halittar da ke ciki, kuma shekarunki suna da tasiri babba a kan sakamakon.