Amsa: yadda dunƙulen ƙarfe ke jeruwa a saman ruwa

Malam, ka tambaya yaya sinadari mai ƙarfe zai tsaya a saman ruwa bai nutse ba. Dubi sabulu tukuna. Kowace ƙwayarsa tana da kai mai son ruwa da wutsiya mai gudunsa, sai su jeru a sama, kai ciki, wutsiya waje. Nan ma haka ne, sai dai shi kan, dunƙule ne irin wanda ake kira Keggin: atam 12 na ƙarfen tungsten, 40 na oksijin, fosfaras ɗaya a tsakiya. Akan cire tungsten guda a maƙala wutsiyoyi a gurbinsa. Manta da nauyi, a wannan ƙanƙanta ba ya tasiri. Cajin lantarki ne ke magana: kawunan manya ne, cajinsu iri ɗaya, suna ture juna, shi ya sa ba sa cushewa kamar na sabulu.