Shekara 14 ina gini, wane katin CSCS ya dace da ni?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni magini ne daga Mabera nan Sakkwato, shekarata 14 ina aikin bulo da filasta, kuma ina da Trade Test. In sha Allahu zan bi iyalina Ingila, an ce min ba a shiga wurin gini can sai da katin CSCS. Wani ya ce in yanki kore kawai a wuce wurin. Mi kake gani?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah shi sa a tafi a sa'a. Gaskiya ne, katin nan, wanda ke nuna takardar sana'arka da cewa ka san ƙa'idojin kariya a wurin gini, ba doka ce ta tilasta shi ba amma manyan 'yan kwangila ba sa barin mutum ya wuce get in babu shi. Kuma ka sani ba biza ba ne, don akwai masu cin kuɗin mutanenmu da sunan wai katin zai kai su Ingila.

Abin da nake so ka riƙe, launin kati takardarka yake bi, ba shekarun da ka yi da cokalin gini a hannu ba. Kore na lebura ne, mai dakon siminti da share wuri. Shuɗi na ƙwararren mai sana'a ne da ke da NVQ, wato takardar shaidar ƙwarewar sana'a ta can, mataki na 2, ruwan gwal mataki na 3 ko mai kula da ma'aikata, baƙi na manaja, fari na masu digiri da 'yan ƙungiyoyin ƙwararru. Ja kuwa na wanda ke kan hanyar samun takarda ne.

To shawarar wancan abokin naka ban yarda da ita ba sam. Na ga dattijo da ya iya bulo, igiyarshi ba ta karkata ko kaɗan, amma da yake kore ne a wuyanshi sai foman ya miƙa mashi baro, wallahi abin ya yi min ciwo, kuma kuɗin lebura aka biya shi. Kai naka shuɗi ne, sai dai Trade Test ɗinka ba a karɓarshi haka kai tsaye, sai ka tura ma Ecctis, masu tantance takardun ƙasashen waje a can, su auna shi da ma'aunin can. In bai kai ba kada ka karaya, ka yi rajistar NVQ irin wanda ake zuwa a duba aikinka a wurin gini, ka nemi jan kati na gogaggen ma'aikaci, shekara 1 yake yi kuma ba a sabunta shi, don haka ba wasa.

Sai zancen sana'a. Nan gida mutum ɗaya shi ne birkila shi ne mai filasta shi ne mai tayil, can kowace daban take da takardarta, abin da ke rubuce bayan katin shi za a ba ka. Ka zaɓi wadda hannunka ya fi faɗawa, ni dai bulo zan ce maka. Masu wayarin ma katinsu ECS ne, masu tuƙa katafila CPCS, ba wannan ba.

Kowane launi sai ka ci jarabawar lafiya da kariya ta CITB, hukumar horar da ma'aikatan gini ta can, tambaya 50 cikin minti 45 a kwamfuta, ana son 45 daidai, kuma kada ta wuce shekara 2 lokacin da kake neman katin. Ka fara karatunta tun kana Sakkwato a wayarka, don Turancin ne ke kada mutane ba aikin ba. Katin fam 36 ne a shafin CSCS na ainihi, shuɗin yana shekara 5, duk wanda ya ce ka turo ninkin haka dillali ne. Kafin ka tashi ka haɗa asalin takardunka duka, ka duba sunan da ke kansu ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi.